Gaisuwar da ba ta ƙarewa, ashe ƙafa ce

Anti Lauratu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni. Maigidana Mas'udu mutum ne mai son jama'a. Tun bara, in muka fita zuwa kasuwa sai ya tsaya gaisuwa a kowane shago, har da mutanen da bai sani ba. Na yi ta yi masa tsiya, har Sarkin Gaisuwa nake kiransa a gaban yara. Ashe sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, sai ya fake da gaisuwa har ciwon ya lafa. Sai da wani gyambo ya ƙi warkewa a ɗan yatsan ƙafarsa muka je lopital, wato asibiti. Likita ya ce hanyoyin jinin ƙafar sun tsuke, in bai bar taba ba ana iya yanke ta. To Anti, ni nake sayar da sigari a teburina na ƙofar gida. In ya marairaice sai in miƙa masa kara ɗaya, don kunyar tsiyar da na yi masa. Jiya ma na ba shi. Na rasa inda zan sa kaina.

Mai tebur, Garwa

'Yar'uwa, tsiyar da kika yi ba laifi ba ce, shi ya ɓoye miki, kuma maza da yawa haka suke. Amma sigarin nan da saninki kike bayarwa, ba zan rufe ki ba. Shi ma babba ne, ya ji likita da kunnensa. Ki kwashe taba daga teburin yau, ki gaya masa dalili.

Ya riƙa shan magungunansa, a auna masa hawan jini da suga. Ki duba ƙafar kullum, kada ki gasa ta da ruwan zafi ko garwashi. In ta yi sanyi ƙalau, ko ta fara baƙi, ko ciwo ya hana shi barci, ku tafi asibiti nan take.

In likita ya yarda ya koma tafiya, ki raka shi, don tafiyar ma magani ce. Duk inda ya tsaya, ke ma ki tsaya ki gaisa. Allah ya ba shi lafiya, ya bar masa ƙafarsa.