Katakon Ƙololuwar Rufi da Makin Jikata Marnie

Daga: Wendell A. Koskela, kafinta mai ritaya,
Lamba 14, Titin Tsohon Injin Katako,
Otter Bend, Michigan.

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga: Uwargida Lorraine Dufresne,
Shugabar Makarantar Sakandare ta Otter Bend.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: Maki huɗu cikin goma da aka ba Marnie Koskela, 'yar aji goma, a aikin gida na lissafi, da batun hana ta wasan ranar Asabar

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana a rubuce. Ni ne kakan Marnie na wajen uba. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗora wa gidajen garin nan rufi. Makaranta kuwa na bar ta ina ɗan shekara goma sha huɗu, sai da na kai sittin da uku na koma ajin manya na karɓo takardar shaidata.  

Dokar makarantarku ta ce ɗalibin da makinsa ya sauka ƙasa da C ba zai buga wasa ba. Ranar Juma'a, 14 ga wata, da tsakar rana za a liƙa sunayen waɗanda aka yarje wa. Ranar Asabar ake wasan ƙwallon kwando da zai kai 'yan matanmu gasar yanki. Makin Marnie a lissafi ya faɗo D. Ga yadda abin ya faru.

1. Ɗakin taimakon aikin gida da makaranta ta tanada yana buɗewa Talata da Alhamis, daga ƙarfe uku zuwa huɗu da rabi. Atisayen 'yan ƙwallo ma a waɗannan ranaku ne, a wannan lokaci. Ban san yadda hukuma ta so yarinya ɗaya ta raba kanta biyu ba. Mahaifiyarta tana aiki a gidan kula da tsofaffi har Lahadi, mahaifinta yana kan hanya da babbar mota. Shi ya sa ranar Lahadi, 2 ga wata, da muka dawo daga coci, ta ajiye littafinta kusa da kofina, ta ce, "Kaka, kai da ka gama makaranta jiya-jiya, ai ba ka kai ga mantawa ba." Ranki ya daɗe, an kawo min ƙofa in gyara, an kawo min kujera, amma tun da nake ba a taɓa kawo min littafi ba. Sai da na tashi na wanke hannu.

2. Ina ƙorafin cewa ana koya wa yara abu ba a gaya musu na wane ne ba. Marnie ta karanta min ƙa'idar alwatika: a ninka kowane gajeren gefe da kansa, a haɗa su, a sami dogon gefen ninke da kansa. A ajin manya na haddace wannan kamar aku, na ci jarrabawa, na manta. Da ta kai aya, ta juyo min da zanen, sai ga rufi. Gefe uku, gefe huɗu, dogon gefe biyar! Abin da marigayi maigidana Eino Rautio ya koya min da igiya da turaku ke nan, na daidaita harsashin gida da shi ya fi sau ɗari biyu. Ashe duk shekarun nan lissafin 'yan sakandare nake yi ban sani ba. Na zagaya teburin sau biyu, karena ya kama haushi, Marnie ta ce in zauna kada in karya ƙuguna ta shiga uku.

3. Tambaya ta bakwai ta ce faɗin gida ƙafa ashirin da huɗu ne, tsayin rufi daga tsakiya ƙafa biyar, a nemo tsawon katakon da ke gangarowa daga ƙololuwa zuwa bango. Marnie ta rubuta sha uku. Amma mai zanen littafin ya zana katakon ƙololuwa ɓaro-ɓaro a tsakiya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe zarto ya san kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, dole a rage rabonsa a kowane ɓangare. Amsar ita ce ƙafa sha biyu, inci sha ɗaya da uku bisa goma sha shida. Haka nan tambaya ta uku, ta tsani: littafi yana son ƙafa sha bakwai, alhali tsanin da bai ɗara bakin rufi da ƙafa uku ba asibiti yake kai mutum. Na sa ta rubuta ashirin. Ta ce, "Kaka, Malam Haugen ba rufi zai hau ba, jan biro kawai gare shi." Na ce malami zai yi murna ya ga an lura. Da haka muka gyara shida cikin goma.

4. Ranar Alhamis, 6 ga wata, Malam Haugen, mai koya musu lissafi, ya dawo da takardar, duk shidan ya soke su da ja, ya rubuta a gefe cewa daga ina waɗannan lambobi suka fito. Tambaya ce mai kyau, don haka na amsa ta da katako. Ranar Asabar, 8 ga wata, ni da maƙwabcina Toivo Salmela muka share ƙanƙara a bayan gida, muka kafa turaku biyu tazarar ƙafa ashirin da huɗu, na yanka katako biyu sha uku cif, yadda littafi ya ce. Muka ɗora su da na ƙololuwa a tsakiya. Suka ƙi zama, kowane ya leƙa waje. Na rage abin da na ce a rage, muka sake ɗorawa, sai ji kake ƙas, suka zauna ko takarda ba ta shiga tsakani. Toivo ya jefa hularsa sama, ya ce, "Wendell, tsohon banza, ka kayar da littafin gwamnati!" Muka kama hannun juna muna tsalle cikin ƙanƙara, mu da shekarunmu a haɗe sun haura ɗari da arba'in, har matarsa Signe ta leƙo ta taga tana tambaya me muka sha da sanyin safiya. Na haɗo hoton da ta ɗauka. Toivo ya ce a kira shi shaida kowace rana ban da Laraba.

5. Ina cikin wannan murna Marnie ta fito da rigar sanyinta, ta dubi katakon sama da ƙasa. Na kawo maganarta yadda ta faɗa: "Ya yi kyau, Kaka. Rufinka ya tsaya. Ni ce zan zauna a benci." Ta koma ciki. Tun ranar ba ta zo cin abinci gidana ba, kuma ba ta yi min rashin kunya ko sau ɗaya ba, wanda a wurinta alama ce marar kyau. Har yanzu ina nan a kan bakana game da tambaya ta bakwai, kuma in na tuna ƙarar nan ta ƙas sai in ji ina murmushi ni kaɗai. Amma aikin gidan nata ne, ni na shiga sharo ba shanu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon waɗannan abubuwa kafin tsakar ranar Juma'a:

Na farko, a roƙi Malam Haugen ya ɗaga takardar a jikin taga. Marnie tana danna fensir da ƙarfi. Amsoshinta na asali, duk shidan, suna nan kwance a ƙarƙashin nawa, ta samo su da kanta kafin in sa ta goge.

Na biyu, idan doka ba ta karɓar abin da aka goge, a ba ta sababbin tambayoyi goma ta yi a gabansa. Na yi alkawarin ko titin makarantar ba zan bi ba.

Na uku, a matsar da lokacin ɗakin taimako, don 'yan ƙwallo su daina faɗawa hannun kakanninsu.

Na huɗu, a rubuta wa masu littafin, ko su cire katakon ƙololuwa daga zanen, ko su rage masa rabonsa.

Idan kuwa dole sai an hana wani shiga ranar Asabar, to a hana ni. Tun da ta fara buga wasa ban taɓa fashi ba, don haka hukuncin zai isa inda ake so. Zan zauna a cikin motata a waje, in sauke gilashi in ji ihun mutane, ita kuma a bar ta ta buga.

Ina mai godiya da haƙurin karanta wannan dogon bayani, tare da girmamawa gare ki da Malam Haugen, wanda ƙofata a buɗe take gare shi in yana son zuwa da tef ɗinsa na awo.

Naki mai biyayya,

Wendell A. Koskela
Kakan Marnie Koskela, aji goma