Inna, Na Nuna Wa Duniya Giɓin Katangarki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima, ina sanar da ke cewa muna nan lafiya, ni da jikokinki Nana da Balki. Babansu har yanzu yana Aljeriya wajen ci-rani, yana kira in ya samu hali. Na ce lafiya ne don haka aka saba buɗe wasiƙa. Gaskiyar magana, Inna, mako biyu ke nan abinci bai zauna mini a ciki ba.

Na sa gidanki a kasuwa. Na faɗa miki kai tsaye don na san ba kya son kwana-kwana. An maida ni lakol ɗin Cadakori, da an koma hutu can zan ci gaba da koyarwa. Kin kuwa san halin gidan ƙasa, in babu mai kwana a ciki damina biyu ta ishe shi. Na ga gara in sayar da shi yana tsaye, da in dawo Agiye wata rana in tarar da kufai.

Ban kira dillali ba. Kin san ni da taurin kai, ke ma kin sha fama. Na ce a raina, haka kawai mutum ya zo da babbar riga ya zagaya gidan sau ɗaya, ya taɓe baki, ya kushe ɗakunan da kika gina da gumin man gyaɗa, sannan ya karɓi la'ada nan ya karɓa can? Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, ga waya a hannuna? Yanzu akwai wasu zauruka a cikin waya, ana ce musu gurup, inda ake tallan moto da tumaki da filaye. Kowa ya sa hoton kayansa, mai so ya kira shi. Na ce ni ma ga ni nan tafe.

Kin tuna ranar da kika tafi da ni kasuwar Gangara, ina 'yar shekara tara, muka kai kwalaben mai? Akwai kwalba ɗaya da gyaɗarta ta ɗan ƙone wajen suya. Mai saye bai lura ba, ke kika buɗe ta kika ce ya sansana. A hanyar dawowa na yi ta ƙunƙuni, sai kika ce mini: "In za ki saida abu, fara nuna aibinshi. Abin da kika ɓoye shi ke maido maki kayanki." Ban taɓa mantawa ba.

Da wannan karatun naki na ɗauki bidiyon gidan. Na fara daga zaure, na shiga tsakar gida, na nuna ɗakinki, na nuna ɗakin yara, da rijiya, da dogon yaron da kika shuka shekarar da aka haifi Nana. Sannan na zagaya baya, inda ruwan bana ya zubar da katanga ya bar giɓin da akuya ke wucewa ba tare da ta yi tsalle ba. Na daɗe a kansa ina bayani da muryar aji. Har ɗaga wayar na yi, na nuna cewa bayan nan babu kowa sai gonakin gero. A ƙasa na rubuta unguwa da lambata, na ƙara da cewa ni ce mai gidan, babu dillali, babu wani namiji a tsakani, da ni kaɗai za a yi magana. Na ji daɗin wannan maganar, Inna, har sau biyu na karanta ta ina murmushi.

Kwana biyun farko abin dariya ne. Wani ya tambaya ko da itacen ake sayarwa ko shi nasa cinikin daban. Wata ta ce ita labulen ɗakinki take so. Masu tayin rainin wayo kuwa ba a magana. Wata abokiyar aikina da ke Gidan Rumji ta kira ta ce ta gani a wayar mijinta, wani kuma ya ce har tallan ya tsallaka iyaka. Ni kuwa sai fasa kai nake, ina cewa wane dillali ne zai kai tallana nan cikin kwana biyu.

Rana ta uku bayan azahar wata baƙuwar lamba ta kira. Namiji ne, muryarsa a kwance, ya yi doguwar gaisuwa irin ta masu tarbiyya. Bai tambayi kuɗin gidan ba. Ya tambaya ko an gyara giɓin nan na baya. Ya tambaya ko muna da kare. Ya tambaya ko geron bayan gida ya kusa yanka, kuma in an yi ciniki a hannu nake son a ba ni ko ta banki. Ina ta amsawa kamar 'yar ajin farko mai son a yabe ta. Sai da zai ajiye ya ce in gaida masa Balki, alhali ban faɗa masa sunanta ba.

Na zauna a bakin rijiya na sake kallon bidiyon. Ga muryata nan ƙarara ina cewa Balki ta kauce daga gabana, ga ta nan ta ruga tana dariya ta shige ɗakinsu. Inna, da hannuna na nuna ɗiyata, na kira sunanta, na nuna ɗakin da take kwana da hanyar da ake shigowa, sannan na rubuta cewa babu namiji a gidan.

Ba kya nan abin ya lalace. A zamaninki ɓarawo akuya yake ɗauka, in ya yi ƙarfin hali ya haɗa da tukunya. Yanzu a garuruwan bakin iyaka mutum ake ɗauka, a kira danginsa a ce su kawo abin fansa, kuma an ce sun fi bin gidan da suka ji kuɗi zai shigo. Mu nan labari muke ji daga nesa, muna cewa Allah ya kyauta. Ban taɓa kawowa a raina cewa da bakina zan yi shela ba.

Na goge bidiyon a ranar, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya goguwa. Na je wajen jandarma, suka saurare ni da mutunci, suka rubuta lambar, suka ce in kira su da na ga wani abu. Ina ta lallashin kaina cewa wataƙila mai saye ne na gaskiya, mai yawan tambaya kawai. Kwana biyu bayan nan, da la'asar ina kwashe shanya, na hango mutum biyu a kan moto mai ƙafa biyu sun tsaya a hanyar gona, fuskokinsu cikin rawani. Ɗaya ya dubi waya, ya dubi katangar, ya sake duban waya, suka ja suka tafi. Mai yiwuwa masu wucewa ne, ban sani ba. Geron bana ya fi mutum tsawo, kowa na murna da shi, ni kuwa in iska ta kaɗa shi sai gabana ya faɗi.

Na hana yaran fita ko ƙofar gida. Nana ta tambaye ni ko laifi suka yi.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, Inna. Mai jin tsoro wajen maƙwabci yake gudu, ni kuwa ba ni da fuskar zuwa. Kin san ba a sayar da gida sai an fara yi wa maƙwabcin jikin katanga tayi, ko yana da hali ko ba shi da shi. Na san wannan sarai, ɗokin waya ne ya sa na tsallake maƙwabcinmu Baba Illo. Mutumin da ya tsaya a kan jana'izarki, a ƙofar masallaci wani ya miƙa masa waya ya ga ana tallan gidanki. Tun ranar in na gaishe shi "lahiya" kawai yake cewa. 'Yar tagar nan ta jikin katanga, wadda ke da marigayiya matarsa kuke miƙa wa juna garwashi da kwanon tuwo ta ciki, na tashi na tarar an toshe ta da tubali.

Sai a lokacin na gane aikin dillalin da na raina. Da shi na kira, gidan Baba Illo zai fara shiga kafin ya faɗa wa kowa. Kuma ba zai bar baƙo ya wuce zaure ba sai ya san garinsu da gidansu. Ni na shigo da duniya har ƙuryar ɗaki ban tambayi sunan kowa ba.

Da tsoro ya fi ƙarfin kunya, na yafa tsohon mayafinki na je na durƙusa a gefen tabarmarsa. Yana tufkar igiya, bai ɗago ba. Na ba shi haƙuri, ya bar ni na gama, sannan ya ce: "Innarki ko tunkiya za ta saida, sai ta leƙo ta taga ta hwaɗa mani. Ke ai kin yi lakol." Na haɗiye, don na cancanci fin haka. Na ba shi labarin kiran, da masu moto, da gaisuwar da aka ce in yi wa Balki. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Sai ya ce in tashi in tafi gida. Na tafi ina kuka, na ɗauka shi ke nan na rasa shi.

Washegari da safe, yara na shan koko, na ji motsi ta bayan giɓin. Takun ƙafa ne a cikin gero, sai kuma wani abu mai nauyi ya faɗi ƙasa tim. Na tura yaran ɗakinki na ja ƙofa, na ɗauki taɓarya. Na so in yi ihu, sai na tuna wanda zai ji ni shi ne wanda na ɓata wa rai. Na tsaya a tsakar gida ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban kai ƙarshensu ba.

Sai na ga hannu ya ɗora curin laka a kan karyayyar katangar. Na gane hannun, da ɗan yatsan nan da ya lanƙwashe. Baba Illo ne, ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye cikin kwaɓin ƙasa, jakinsa na gefe da wani lodin. Tsoho mai ciwon baya, Inna, wanda ko sallah a zaune yake yin rabinta. Ya dube ni, ya dubi taɓaryar, ya ce: "Aje wannan ki kawo ruwa, ƙasar ga ta yi tauri."

Kwana uku yana ginin, yana ɗora sahu ya bar shi ya sha iska ya dawo ya ɗora wani. Ina jan ruwa ina miƙa masa, ba ya ce mini komai sai in guga ya zo rabi. Da ya gama ya jera ƙaya a sama. A rana ta ukun ne na ji ana bugun katangar tsakaninmu, tubalin nan ya faɗo cikin gidanmu, fuskarsa ta bayyana a tagar. Ya ce shi ba shi da halin sayen gida, da na tambaye shi da addu'a kawai zai yi mini. Sannan ya ce: "Gida naki ne, ki saida ma wanda kika so. Amma wanda zai kwana jikin katangata, sai na san ubanshi."

Jiya da hantsi lambar nan ta sake kira. Na tsaya ina kallon wayar tana kuka a hannuna. Sai na ruga na miƙa ta ta taga, yadda kike miƙa garwashi. Na ji ya amsa sallama a natse, ya ce: "Uban mai gidan ne ke magana. Kai ɗan wa ne, daga wane gari?" Sai aka kashe wayar. Har yanzu da nake rubutun nan ba a sake kira ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoron ya tafi ba. Ba a yanke geron ba tukuna, kuma ban san wayoyi nawa bidiyon yake ciki ba. In moto ya rage gudu a ƙofar gida sai na nemi inda Balki take. Na sa wasiƙar nan a inda na sa tallan, da izinin Baba Illo, don in mai lambar yana cikin masu karantawa ya san an toshe giɓin, kuma ba ni kaɗai ba ce a gidan.

Ban ga laifin karatunki ba, Innata. Ke wanda kike nuna wa aibin kayanki yana tsaye a gabanki, kina kallon idonsa, kin san kasuwar da za ki sake ganinsa. Ni ce na ɗauki rabin karatun na bar rabi. Ki yafe mini. Na yi kewarki a makonnin nan fiye da ranar da aka fita da ke, na so a ce kina nan ki yi mini faɗa ki ƙoshi, sannan ki jawo kaina ki ɗora a cinyarki.

Gidan yana nan a kasuwa, amma yanzu duk mai so ta tabarmar Baba Illo zai biyo. Ni sharaɗi ɗaya na ce a gaya wa wanda zai saya, ko da zai sa ya rage tayi: kada ya toshe tagar.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da maƙwabta na gari a can kamar yadda kika bar mini a nan. Allah ya ƙara wa Baba Illo lafiya da nisan kwana. Allah ya tsare mini jikokinki daga sharrin wanda na sani da wanda ban sani ba, ya rufe abin da na buɗe da hannuna. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi