Batir Ɗaya a Juye

Litinin, 3 ga Maris

Yau mijina, Injiniya, ya miƙo mini rimot. Da hannunsa, ba faɗa, ba roƙo. Shekara ashirin da ɗoriya muna kokawa a kan wanda zai riƙe rimot a falon nan, ban taɓa cin nasara ba sai in ya shiga wanka. Yau kuwa ya jujjuya abin a tafinsa, ya ce, "Ungo, Jan Biro, zaɓa mana." Na tambaye shi ko zazzaɓi yake ji. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, kada gobe a ce ni na ƙirƙira.

Tun da dikodarmu ta mutu bara, akwatin gem ɗin nan na wasan bidiyo da Auta ya bari sa'ad da aiki ya kai shi nesa shi ne abin kallonmu. Labarai, fim, ƙwallo, duk ta cikinsa. Hannun gem ɗin, mai ƙaho biyu da maɓallai kamar haƙoran kada, ya fi ƙarfin haƙurinmu, shi ya sa Auta ya aiko da ɗan rimot na kallo kawai: kibiyoyi huɗu a da'ira, maɓallin shiga a tsakiya, na komawa baya a gefe, sai na sauti. Ranar da rimot ɗin ya iso, kafin in gama karanta takardar bayaninsa mijina ya haɗa shi ya kunna ƙwallo, yana yi mini tsiya wai mu masu gyaran littafi sai mun karanta kofi kafin mu sha ruwa.

Wannan mutumin ne yau ya tsaya a shafin farko yana so ya shiga labarai, yana danna baya. Ya danna, ya danna. Na ce na tsakiya. Ya ce ya sani. Ya sake danna baya.

Asabar, 8 ga Maris

Ya ce rimot ɗin ne ya lalace. Ya shimfiɗa jarida a tebur, ya kwance shi da ƙaramin sukudireba, ya goge, ya gwada da mitar awon wuta, ya mayar da komai mazauninsa. Hannuwan nan da suka shekara talatin suna gyaran lantarki ba su manta komai ba, ina kallonsu har na ji sanyi a raina. Sai ya nuna wa allo, ya danna baya.

Na yi masa ihu. Na tsakiya, na ce, na tsakiya, ko makaho ya san tsakiya. Ya ajiye rimot ɗin a hankali kamar ƙwai, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi.

Aikina ke nan, in ga kuskure in ja masa jan layi. Ban san yadda ake ganin kuskure a yi shiru ba. Kuma na gyara littattafan likitoci da yawa, na san sunan abin da nake tsoro. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ya nemi sunan buta ya rasa, ya ce "abin nan na ruwa". Kowa yana yi. Ni ma ina yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira Auta. Wai tsufa ne, wai in daina sa wa Baba ido, wai na cika neman laifi. Yaron da na yi wa wanki har ya fara gemu, shi ne yake koya mini halina. Na haɗiye, don ina buƙatarsa.

A cikin surutunsa ya ce in rimot ya gagara mu yi amfani da hannun gem, ai duka biyun suna aiki lokaci guda, akwatin ba ya tambayar wa ya danna. Na sa ya maimaita. Ya maimaita, ya ce me ya faru. Na ce babu.

Asabar, 15 ga Maris

Injiniya ya fita aiki, na zauna da abin ƙahon nan kamar ɗalibar da ta makara. Yatsuna sun yi tsami. Na koyi inda shiga take, inda baya take, yadda ake tashinsa in ya yi barci. Na rufe shi da matashin kujera na gwada ba tare da kallo ba. Ana iyawa.

Matsala ɗaya: in ya danna kuskure, akwatin zai bi nasa kuskuren. Dole nasa rimot ɗin ya mutu ba tare da ya sani ba. In na cire batir zai ji ya yi sakayau. Sai na juya ɗaya, kai ya koma gindi, na rufe.

Hannun gem ba ya ƙara sauti, don haka na tono tsohon rimot ɗin talabijin daga durowa, shi ma ƙarƙashin matashi. Mace mai furfura da makamai biyu a cinya. In mutanen ofis suka gan ni.

Talata, 18 ga Maris

Dabarar ta yi.

Ya ɗaga rimot, ina kallon babban yatsansa ta gefen ido. Ya danna, na danna. Labarai suka buɗe. Ya tsaya kamar bai yarda ba, ya sake gwadawa, na bi shi. Ya shiga ƙwallo, ya fito, ya shiga fim, ya tsayar, ya ci gaba, duk don daɗi. Fuskarsa ta dawo irin ta da. Ya ce ashe datti ne a ciki, gyaransa ne ya kama a makare, kuma wasu da suke yi wa mutane ihu sai su nemi gafara. Na ce wasu ba sa neman gafara a wurin masu hana su kallon fim shekara ashirin.

Mun yi faɗanmu na kullum, mai daɗi. Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Asabar, 22 ga Maris

Abin da yake cin raina: bai buɗe bayan rimot ɗin ba ko sau ɗaya. Mutumin da in ya shiga gidan mutane yake jin soket mai sako-sako ta ƙararsa kafin a gaisa. Wani sa'in ina makara, allo ya motsa bayan ya ɗaga yatsa, ba ya lura. Wani sa'in ya danna hagu ni na tafi dama, sai ya gyaɗa kai, wai nan yake so.

Jiya cajin hannun gem ya kusa ƙarewa, saƙo ya fito ɓaro-ɓaro a kusurwar allo. Ya karanta da ƙarfi, ya ce kayan Auta ne suke kuka, ya ci gaba da kallonsa.

Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan gishirin miya. Yanzu kullum da yamma ina yi da yatsu biyu.

Laraba, 26 ga Maris

Dogo, abokin aikinsa tun suna samari, ya same ni a ƙofar ofis da azahar. Bai taɓa zuwa ba. Ya yi ta murza hularsa yana tambayar lafiyar Auta har na ce ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya ce farkon watan nan, a wani gida, Injiniya ya kai hannu ga waya bai kashe babban makunni ba. Dogo ne ya cafke wuyan hannunsa. Daga ranar ya daina taɓa wuta, sai dai ya tsaya ya nuna, Dogo ya yi. Har aikin gidan burodi, na sauya akwatin wutar tandunansu, ya ƙi karɓa, ya ce kansa ba daidai yake ba, yana auna kansa a gida tukuna.

Na ce da me yake aunawa.

Dogo ya ce, "Da rimot, Yaya. Ya ce ranar da ya iya shi, ya warke."

Shekaranjiya Injiniya ya kira mai burodi ya karɓi aikin. Ya gaya wa Dogo kansa ya dawo, yanzu ido rufe yake sarrafa abin. Litinin zai je. Dogo kuwa gobe zai yi tafiya, mahaifiyarsa tana asibiti, ya roƙe shi ya jira ya ƙi. Shi kaɗai zai je.

Ban san yadda na koma teburina ba. Shafi ɗaya na yi ta kallo har aka tashi.

Ashe ya sani. Ya riga ni sani. Ma'auni ɗaya ya ajiye wa kansa, ni kuma na sa masa yatsa a kan sikeli.

Alhamis, 27 ga Maris

Garin gyaran gira. Na yi tunanin ɓoye jakar kayan aikinsa, na yi tunanin kiran mai burodi in ce ba shi da lafiya, na yi tunanin kwanciya in ce ni ce ba lafiya. Duk ƙarya a kan ƙarya, kuma in ya tsallake Litinin akwai Talata. Ina jin haushin Auta, ina jin haushin Dogo da ya yi shiru mako da mako, ina jin haushin wanda ya ƙera akwatin da ba ya tambayar wa ya danna.

Wutar tandu ba irin ta gida ba ce. Shi da bakinsa ya sha gaya mini ba ta ba mutum dama ta biyu.

Asabar, 29 ga Maris

Na ce masa ya jira Dogo. Ya ce tun yaushe Jan Biro ta fara gyaran lantarki. Na ce ina jin tsoro. Ya yi murmushi, ya ce in zo in gani, ya ɗauki rimot, ya rufe ido don ya burge ni.

Na danna a ƙarƙashin matashi. Allah ya sani hannuna ne ya je da kansa.

Matsoraciya.

Lahadi, 30 ga Maris

Da hantsi, yana wanka, na buɗe rimot na mayar da batir daidai. Na ɗora hannun gem a tsakiyar tebur, tsohon rimot a gefensa. Na jefa matashin can kujerar nesa. Na zauna na ɗora hannuwana a gwiwa inda zai gan su.

Ya fito yana ƙamshin sabulu, ya zauna, ya ce bari a ga labaran rana. Ya danna baya. Ya danna baya. Ya shiga wani shafi na saituna, ya rasa hanyar fita. Ya bubbuga rimot a tafinsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ciji harshena har na ji gishiri, ban ce tsakiya ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Can ya daina. Ya kalli hannun gem a tebur, ya kalli matashin, ya kalli hannuwana. Injiniya ne, ba sai an zana masa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce gyaranka ya kama."

Ya juya rimot ɗin, ya zare murfin baya da farce. "Cirewa kika yi?"

"Juyawa. Ɗaya."

Ya yi wata 'yar dariya da ba na fatan sake ji. Ya ce aiki ne mai tsafta. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, da batir ɗin yake, "Abin da ake fara dubawa ke nan."

Na jira faɗa. Na shirya masa, ina ma so. Bai zo ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo masa mai burodi. Na nemo, na ba shi. Da kansa ya yi magana, murya a tsaye: ya ce a jira Dogo, shi ya ajiye aikin wuta. Mai burodi yana ta tambaya, ya ce sai anjima.

Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Litinin, 31 ga Maris

Bai je ba. Ba ya yi mini magana. Ina jin tarinsa ta bango, kuma ban taɓa jin abu mai daɗin wannan tarin ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Asibiti. Shi ya ce mu je, ta hanyar tambayata ko na san inda katinsa yake.

Likitar yarinya ce, amma ba ta yi masa magana kamar jariri ba, don haka na yafe mata ƙuruciyarta. Ta ba shi kalmomi ya riƙe, ta sa ya zana agogo. Da'irar ta fito cif, da hannu kawai, ba kamfas. Lambobin kuwa suka taru a gefe ɗaya kamar awaki a inuwa. Da ta nemi kalmomin, suna kan harshena duka. Na zauna a kan hannuwana, na kalli silin.

Ta ce akwai gwaje-gwaje, jini da hoton kai, akwai dalilan da ake magancewa, akwai waɗanda sai dai a rage musu gudu, kada mu raɗa wa abin suna tukuna. Wuta dai kada ya taɓa. Ya ce ya riga ta.

A hanyar gida ya ce in kira Auta in gaya masa, amma ban da ihu. Na ce ni da ihu? Ya kalle ni. Maganarsa ta farko da ni ke nan da ba ta kati ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sakamako sai mako mai zuwa. Ba na iya cin abinci sosai.

Da yamma ya ɗauki rimot ya ce ƙwallo zai kalla. Ya danna nan, ya danna can, muka faɗa wani shiri na kifayen ƙarƙashin teku, da harshen da ba mu ji. Ya juyo yana jira, na san me yake jira.

Na ce a bar shi, ban taɓa ganin kifi mai fitila a goshi ba. Ya ce haɗin wayar fitilar ba kyau, dubi yadda take rawa. Muka kalla har ƙarshe.

Ba wani abu ba ne. Kifayen ne suka yi kyau.