Mukhtar Ya Sauko Daga Dutsen

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ki kwantar da hankalinki, Mukhtar ya dawo nan Guangzhou ta ƙasar Sin, yana wurina. Shirun da kika ji, waya ce ba ta shiga a dutsen nan mai aman wuta da shi da abokan karatunsa suka je hawa a Indonesiya. Sun yi kwanaki suna tafiya, babu rafi babu rijiya, kowa da ruwansa a baya. Ɗanki kuwa ya riƙa alwala da ruwan shansa. Dab da ƙololuwa ƙishirwa ta kayar da shi, abokan karatunsa suka sauko da shi.

Na ce, "Ina ka bar taimama?" Ya ce, "Kawu, ko'ina toka ce, ai ba ta halatta." Na fahimtar da shi tokar itace aka hana, wannan kuwa dutse ne ya niƙe. Ban iya yi masa faɗa ba. Ya rame, amma yana cin tuwo sosai.

Ki fitar da sadakar godiya, a sa mu cikin addu'a. Ki gaishe da Inna, amma ki bari sai ta ji muryarsa kafin ta ji labarin.

Yayanki,
Alhaji Sani