Injin Baba Yana Kuka a Shagon Wani

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa ƙofar gida da safe ta zauna a kujerar marigayi Baba. Auta ta gama jarrabawa, ta cika mana gida da surutu.

Yaya, maganar injin niƙa ce ta sa na ɗauki biro, don a waya bakina ya kasa. Wallahi kaina ya kulle. Ka tuna da tsohon injin Baba ya fara hayaƙi yana mutuwa a tsakiyar aiki, ka ce kada in bi arha, in nemi irinsa sak, mai koren fenti da tambarin ƙaho? Haka na yi. Mai sayar da injuna ya nuna mini biyu da aka shigo da su daga waje, mai tambarin da wani ja marar suna da bai kai rabin kuɗinsa ba. Na ɗaga hanci na ɗauki mai tsadar. Ka san shagonmu ba ya ɗaukar inji biyu, sai na sayar da na Baba ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka aza shi a sikeli. Inna kuwa na ce mata yana wurin gyara, don na san ba za ta yarda ba.

Sati uku kacal sabon ya yi ya fara zafi yana tari. Na kira Baƙin Mai, bakaniken nan da Baba ya yarda da shi. Ya dafa sifana a jikin injin, ya kanga kunnensa a ɗaya bakin, ya yi tsaki, sannan ya kwance shi. Wai fenti da tambarin ne kawai na kamfanin. Sun daina ƙera inji da kansu, wata masana'anta a wata ƙasa suke ba aikin, kuma ita ce ke yin jan da na raina. Don in gani da idona ya sayo fistin ɗin jan, ƙarfen nan da ke kai da komowa a cikin inji, ya zura a nawa, ya zauna daram. Na tambaye shi ko an cuce ni ke nan, ya ce ba lallai ba, wai mai tambarin ana ɗan duba shi kafin ya fito, kuma ba ya shan mai kamar na Baba, amma shekara talatin irin da na Baba ya yi kam kada in sa rai. Mai sayarwar kuma ya rantse ba jabu ba ne, ga takardu. To ni wa zan kama? Kowa da gaskiyarsa, inji kuma in ya yi aiki kwana biyu sai ya huta ɗaya.

Da na gaya wa Baƙin Mai inda na kai tsohon, sai da ya riƙe baki. Ya ce zoben fistin kawai yake so, aikin yini guda. Ashe masu ƙarafan ma ba su fasa shi ba, mijin mai kitson unguwarmu suka sayar wa, ya gyara, ya buɗe shago a ƙarshen layinmu. Mata na wuce ni da robobinsu zuwa shagonsa suna gaishe ni, kunya kamar in nutse. Na je na roƙe shi mu yi musaya, in ba shi sabon dungum, ya yi dariya ya ce ko da ƙari ba ya so.

Abin da ya fi damuna Inna ce. Shekaranjiya tana zaune a ƙofa ta ji kukansa daga nesa, ta ce wannan injin mahaifinku ne, ta gane shi da 'yar shaƙuwar nan da yake yi in an zuba masa hatsi. Fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun rasuwarsa. Ta ɗauka gwada shi ake yi, an gama gyara. Yaya, ni zan faɗa mata ko kai za ka kira ta? Ko in sake komawa wurin mutumin? Ban san abin yi ba, don Allah kada ka yi shiru.

Ka gaishe mini da Anti, da Ƙaramar Inna takwarar tsohuwa, da ɗanka Sarkin Rigima in ya yarda ya tsaya. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ta ce in yi maka albishir injin ya kusa dawowa gida. Yanzu haka ta sa Auta tana share masa wuri.

Ƙanwarka,
Uwar Niƙa