Ƙasar Unguwarmu Ba Ta Iso Ba

Hamburg, 11 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Baba,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Muna lafiya, barci ne dai ya ƙaurace mini.

Likita ta ce saura kwana biyar Fiamma ta haihu, ranar tseren dawakin unguwannin garinmu Siena ke nan. Jiya surukata ta aiko da ƙullin ƙasar unguwarsu, Katantanwa, abokiyar hamayyarmu, a sa ƙarƙashin gadon haihuwa don yaron ya zama nasu. Ta unguwarmu, Kunkuru, shiru.

Fiamma sai tsiya take mini: "Angona, har katantanwa ta riga ku?"

Don Allah ka ɗebo daga ƙofar cocinmu ka aiko yau. Allah ya ba dokinmu sa'a.

Ban san ko saƙon zai iso ba, ko asibiti zai yarda, ko jikanka zai tashi yana yi mana zambo.

Ɗanka,
Duccio