Alli a Tayar Baba Tela

Litinin, 3 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina aiki a hukumar birni, yau an miƙo mini kwalin alli. Wai ni ne sabon mai kula da layin bayan asibiti, inda marasa gidan nan suke kwana a motocinsu. In ja zane a jikin taya ya sauko har kan kwalta, bayan kwana uku in dawo. In zanen yana nan a haɗe, mota ba ta motsa ba, sai in kira janwe ta ja ta. Shugaba ya ce aiki ne mai sauƙi. Ai ba shi zai yi durƙuson ba.

Mota tara ce. Gwiwoyina sun shaida.

Alhamis, 6 ga Maris
An mayar da ni sakarai. Na iso da safe na tarar sun yi cincirindo bayan wata mota suna turawa. Ashe rabin motocin ba sa tashi, shi ne duk ranar zuwana suke haɗuwa su tura kowacce taku goma, mai ita na riƙe da sitiyari. Har suna suka sa mata, ranar turi. Wani tsohon direba, Dogo, shi ne mai ba da umarni. Ko ɓoyewa ba su yi ba. Wata dattijuwa da suke kira Malama ta gaishe ni da kyau, sannan ta ce in ɗan matsa na tare musu hanya. Ni kuma na matsa.

Doka ta ce mota ta motsa, ba ta ce da inji ba. Sau biyu na karanta. Haushi kamar in tauna allin.

Litinin, 10 ga Maris
Tsohon nan mai farar mota, Baba Tela, ya cika surutu. Keken ɗinki a kujerar baya, labulen da ya ɗinka da kansa a kowane gilashi. Wai an sayar da ginin da shagonsa yake, a shagon kuma yake kwana, motar ce kaɗai ta rage masa. Ni ban tambaye shi ba. Ina durƙushe ya hango aljihun rigata ya yage, ya ce, “Ɗana, kawo in kama maka, minti biyu ne.” Na ce na gode, a bar shi.

Alhamis, 13 ga Maris
Hukuma ta buɗe musu fili a can ƙarshen gari: katanga, famfo, banɗaki, maigadi. Sharaɗi ɗaya, mota ta shiga da injinta. Wallahi na ji daɗi, ƙarshen durƙuso ya zo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da fom ina lallashi kamar dillali. Dogo ya shiga ƙarƙashin motoci, batir ɗaya yana zagaya mota uku.

Litinin, 17 ga Maris
Takwas sun tafi. Shugaba ya yabe ni a gaban mutane, karo na farko.

Saura ta Baba. Injinta ya buga tun bara, Dogo ya buɗe ya duba ya rufe. Dogon ya so ya riƙa dawowa ranar turi, amma a filin ana ƙidaya kowace safiya, wanda ba a gani ba ya rasa gurbinsa. Wannan ƙa’idar ma ni na karanta musu da bakina.

Na ja zanena. Baba ya tsaya a kaina ya tambaya, yanzu wa zai tura shi? Na ce wannan ba ya cikin aikina.

Talata, 18 ga Maris
Ofis uku na shiga, ban san me ya kai ni ba. Masu fili suka ce sai da inji. Masu walwalar jama’a suka ce ya kawo adireshi. Adireshi! In yana da shi me zai kawo shi wurinku? Masu janwe suka ce mota da abin da ke cikinta suke ɗauka, keken ɗinki ko ba keken ɗinki ba. Na koma wurin shugaba, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce alli ya ba ni, ba shawara ya nema ba.

Raina ya ɓaci sosai. Su tara suna tura junansu ba su dami kowa ba, muka zo da gyara.

Laraba, 19 ga Maris
Janwe gobe ƙarfe tara. Matata ta ce tun da na shigo nake masifa a kan gishiri.

Alhamis, 20 ga Maris
Na je ƙarfe bakwai, don dai in gama da wuri. Na tarar da Baba ya buɗe ƙofar motar, ya sa kafaɗa a jikinta, hannu ɗaya a sitiyari, takalminsa yana zamewa. Motar ko gezau. Bai roƙe ni ba, ko kallona bai yi ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Na ce, “Baba, shiga ka riƙe sitiyarin.”

Mai janwe ya zo ya duba, zanen taya daban, na kwalta daban, ya juya. Na rubuta a takarda: mota ta motsa, taku goma. Ba ƙarya na yi ba.

Bayana kamar an raba shi biyu. Na ce wa matata katifa ce. Ta dubi aljihun rigata ta ce yaushe na koyi ɗinki.

Takalmin ofis ɗin nan santsi gare shi. Ranar Litinin tsohon zan sa.